Da babban yatsan hagu ya dangwala: yadda aka yi sulhu kan hannun da injin shinkafa ya cinye a Sakkwato

Sai da manajan kamfanin shinkafa ya miƙa wa maƙwabcina biro sannan muka tuna cewa hannun da ya saba rubuta sunansa da shi babu shi. Zauren mai unguwa ya yi tsit. Aka aiki wani yaro shagon mai buga takardu ya aro tawadar dangwale, aka riƙe masa takardar a kan gwiwa, ya dangwala babban yatsansa na hagu a ƙasan rubutun Turancin da bai iya karantawa ba. Kawunsa ya sa hannu a matsayin shaida na farko. Ni ne na biyu.

Na yi fiye da shekara talatin ina koyarwa kafin in yi ritaya, shi ya sa a unguwarmu duk takardar da ta zo da Turanci ni ake kawo wa. Na karanta wannan ma, na fassara ta a gaban jama'a kalma bayan kalma, ban ɓoye kome ba. Abin da ban sani ba a ranar shi ne abin da doka ta ce game da irin wannan takarda, kuma rashin sanin nan nawa ya ja wa maƙwabcina asarar watanni. Na rubuta lamarin ne daga farko har inda ya tsaya yau, ba tare da sunan kowa ba, saboda na tabbata ana irin wannan zama a wasu zauruka daga Mabera har Gidan Igwai, kuma akwai wani mai karanta takarda irina da ke zaune a gefe yana ganin alheri yake yi.

Aikin da hatsarin

Mutumin shekararsa 31, da mata ɗaya da 'ya'ya uku, ga mahaifiyarsa a ƙauye wajen Wurno da yake aika wa abin da ya samu. Shekara shida yana aiki a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan gari. Ya fara da dakon buhunan shanshera, har ya zama shi ke kula da injin casa. Babu takardar ɗaukar aiki, babu katin shaida. Kullum da yamma ake biyansa naira 2,500, in ka haɗa kwanakin da yake zuwa a wata abin ya kan kama naira 60,000, wato bai ma kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba.

Injin yana da dogon bel da ke zagaya ƙafafun ƙarfe biyu, kuma asali akwai murfin raga da ya rufe wurin. Bel ɗin ya tsufa, yana yawan zamewa. Duk lokacin da ya zame sai an kashe inji, an kwance murfi, an mayar da bel, an sake ɗaurewa, aiki ya tsaya kusan rabin awa. Da kaka, lokacin da motocin shanshera daga Goronyo da Wurno ke layi a ƙofa, babu mai son wannan tsaiko. Sai aka cire murfin gaba ɗaya aka jingine shi a bango, ma'aikata suka koyi tura bel da guntun katako inji na gudu. Maƙwabcina ya ce sau biyu yana yi wa manaja maganar sabon bel, ana ce masa a bari kaka ta wuce.

Ranar da abin ya faru ana hunturu, ya sa riga mai dogon hannu saboda sanyin asuba. Katakon ya kuɓuce, bel ya kama bakin rigar, ya ja hannun dama ya shige tsakanin bel da ƙarfe. Kafin abokin aikinsa ya kai ga makunni, ƙashi da jijiya sun dagargaje. A motar kamfanin aka kai shi asibitin koyarwa. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma a kwana na uku suka ce in ba a yanke ba ruɓa za ta hau sama, aka yanke ƙasa da gwiwar hannu kaɗan.

Dole in faɗi gaskiya game da mai kamfanin, wanda zan riƙa kira Alhaji kamar yadda kowa ke kiransa. Ya zo asibiti da kansa daren farko. Ya biya kuɗin tiyata da na jini da na magani, ya aika da buhun shinkafa gidan. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, har yau kuma ban yarda mugu ne ba.

Zaman farko

Kwana goma sha tara bayan hatsarin, dungulmin hannun na naɗe da bandeji, mutumin na shan maganin ciwo mai sa barci, aka kira zama. Manaja ne ya wakilci Alhaji. Ya ce Alhaji ya ware naira miliyan ɗaya, an riga an kashe dubu 300 a asibiti, saura dubu 700 ga su nan a jaka. Takardar kuwa layi shida ce. Ta ce hatsarin ƙaddara ce da kuma kuskuren shi ma'aikacin, kamfani ya biya wannan kuɗi don tausayawa, kuma daga yau shi da iyalansa sun yafe duk wani haƙƙi, ba za su kai ƙara ko koke gaban kowace kotu ko hukuma ba.

Kawun ya dubi ɗan 'yar'uwarsa ya ce, "Kai dai ka yi haƙuri. Abin da Allah yaƙ ƙaddara ba ya da makawa. Alhaji ya yi ƙoƙari, wani ko asibiti ba ya zuwa. Ka amshi wanga, da babu gara ba daɗi."

Shi kuwa kansa a sunkuye ya ce, "Kawu, duk yadda kunka yi daidai ne." Sannan ya juyo gare ni, "Malam, kai ka karanta, babu matsala ko?"

Na ce masa babu. Abin da na duba shi ne ko adadin da aka faɗa da baki shi ne a rubuce, kuma shi ne. Dubu 700 a dunƙule, a idon mutumin da bai taɓa riƙe dubu ɗari lokaci guda ba, dukiya ce. A idona ma haka ta kasance. Aka yi fatiha aka watse, kowa na yaba wa Alhaji.

Ba a yi wata biyar ba kuɗin suka ƙare, kuma babu kwabon da ya tafi a shashanci. Ya biya bashin da matarsa ta ci lokacin jinya, ya biya kuɗin haya na shekara, ya sayi babur na hannu ya ba wani yaro ya yi kabu-kabu yana kawo masa balas kullum. Babur ya fara cin kuɗin gyara, yaron ya fara zuwa da uzuri. Ana cikin haka dungulmin ya ƙi lafawa. Da dare ya kan farka yana jin yatsun da babu su suna masa zogi, abin da likitoci suka san shi sarai ga waɗanda aka yanke wa gaɓa, ga kuma wani wuri a bakin dungulmin da ko riga ta taɓa sai ya yi ƙara. Likita ya ce kan jijiya ne ya dunƙule, sai an sake ƙaramar tiyata. Ya koma kamfani, manaja ya buɗe aljihun tebur ya nuna masa takardar da shatin yatsansa.

Matarsa ce ta zo gidana, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Baba, maigidan ba ya barci, ba ya magana. Mutane na cewa hannu guda ba ya ɗaukar jinka, to mu yanzu hannu gudan ne gare mu, ga ɗiya uku."

Abin da doka ta tanada

Ɗiyar ƙanena lauya ce. Da ta zo gaishe ni kafin azumi na ba ta kwafin takardar. Ta karanta sau ɗaya ta ce, "Baba, wagga takarda ba ta hana shi kome ba." Daren nan ta zauna ta bi da ni cikin dokar sashe-sashe, ni ma daga baya na nemi kwafi na karanta da kaina.

Sunanta Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamban shekarar. Ita ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1987. A tsohon tsari mai kamfani ne ke biya daga aljihunsa, a dunƙule: albashin wata 42 in ma'aikaci ya mutu, na wata 54 in ya nakasa gaba ɗaya. Sabon tsari ya kafa asusu a hannun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, daga aljihunsa, an kuma hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. In hatsari ya auku, asusun ne ke biya, ba tare da sai an tsaya tabbatar da laifin wane ne ba.

Abu na farko da ya girgiza ni shi ne wanda doka ta kira ma'aikaci. Na ɗauka sai mai takardar ɗaukar aiki da albashin banki. Ashe ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki kawai, da na wucin gadi, da lebura mai karɓar kuɗinsa kullum, da yaron da ke koyon sana'a, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Sojoji kaɗai aka ware. Ke nan maƙwabcina na ciki tun ranar da ya ɗauki buhun farko.

Na biyu, sashe na 13. Ya ce ma'aikaci ba zai yi yarjejeniya da ubangidansa a kan ya yafe diyyar da doka ta ba shi ko ta ba iyalansa ba, kuma duk yarjejeniya irin wannan ɓatacciya ce, ba ta aiki. Waɗanda suka tsara dokar sun san yadda mai rauni yake a makonnin farko: ciwo, bashi, kunya, da tsoron kada ya rasa ɗan abin da aka miƙo. Sun rufe wannan ƙofar tun kafin a zo gare ta. Layi biyun ƙarshe na takardarmu, waɗanda manaja ke taƙama da su, ba su da nauyin kome a gaban wannan sashe.

Na uku, yadda ake lissafi. Wanda ya nakasa gaba ɗaya, kamar wanda ya rasa hannu biyu ko idanu biyu, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Wanda ya rasa wani ɓangare, irin maƙwabcina, ana ƙiyasta abin da raunin ya rage masa na samu, a biya shi kashi 90 cikin 100 na wannan giɓin, kuma akwai jadawali a ƙarshen dokar da ya jera gaɓoɓi da kason kowace. Biyan na ci gaba har mutum ya kai shekara 55, ko lokacin ritayarsa in ya wuce haka. Magani da tiyata da kuɗin zirga-zirgar asibiti da hannun roba duk ƙari ne a kan diyyar, ba a cire su daga cikinta. Dokar ta kuma yi tanadin taimaka wa mai rauni ya koma aiki ko ya koyi wata sana'a.

Na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun a zauren mai unguwa. Daga shekara 31 zuwa 55 shekara 24 ce, wata 288. Mu ƙaddara, don misali kawai, rabin samunsa ya rasa, alhali mai aikin ƙarfi da ya rasa hannun dama ya rasa fiye da haka. Rabin 60,000 shi ne 30,000, kashi 90 cikin 100 nasa 27,000 a wata. A wata 288 ya kama naira 7,776,000. Dubu 700 da muka yi wa fatiha ba su wuce biyan wata 26 ba a wannan ma'auni, kuma ko cikakken albashinsa na shekara ɗaya ba su kai ba. Mun yi wa hannun kuɗi da ma'aunin abin da aka kashe a asibiti da abin da zai kashe wutar wannan watan, babu wanda ya ƙirga shekarun da hannun zai yi yana ciyar da gida.

Akwai kuma wa'adi, nan ne hankalin Barista ya fi tashi. Ma'aikaci ko iyalansa su sanar da ubangida cikin kwana 14, wannan kam ya samu tunda motar kamfani ce ta kai shi asibiti. Ubangida ya kai rahoto hukuma cikin kwana 7. Neman diyya kuwa a shigar da shi cikin shekara ɗaya daga ranar hatsari, sai in akwai wani uzuri na musamman ake iya karɓa har zuwa shekara uku. Lokacin da muke wannan magana an ci kusan rabin shekarar, kuma kamfani bai kai rahoto ko'ina ba.

Dalilin ɓoyewa

Na yi zaton kamfanin bai san da asusun ba. Da Barista ta bincika sai ta tarar yana da rajista. Mai neman kwangilar gwamnatin tarayya sai ya nuna takardar shaidar cewa yana zuba wannan kuɗi, kuma Alhaji na neman kwangilar sayar da shinkafa. Sai dai sunaye takwas kaɗai aka miƙa: manaja, akawu, direbobi da masu gadi. Sauran mutum ashirin da wani abu da ke tsaye a gaban inji da bakin tukunyar turara, waɗanda su ne hatsari ke hari, babu ko ɗaya a jerin. Kai rahoton hannun da ya yanke na nufin amsa tambayar me ya sa ba a san da mai hannun ba, da kuma ina murfin bel yake, alhali Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace duk wani sashe na inji mai hatsari, ta kuma ce a sanar da sufeton masana'antu duk hatsarin da ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana uku. Manaja ya ga gara a bar kaza cikin gashinta.

Kashi 1 cikin 100 na albashin maƙwabcina naira 600 ne a wata. Na daɗe ina juya wannan adadi a raina.

Zama na biyu

Barista ta so a rubuta wa kamfani takardar gargaɗi, in ya ƙi a tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'o'in ƙwadago, kuma tana da reshe a nan Sakkwato. Ta ce kotun na sauraren ƙarar sakaci a kan masu kamfani, kuma cire murfin inji sakaci ne da ba ya buƙatar dogon bayani. Kawun ya ƙi ƙememe. Mahaifin Alhaji da mahaifinsu sun yi maƙwabtaka a cikin gari, ƙanen mai raunin ma a kamfanin yake dako, kuma a ganinsa kai mutumin da ya biya maka kuɗin asibiti kotu butulci ne. Ban yarda da shi a kan butulcin ba, amma na fahimci sauran. Shari'a na iya ɗaukar shekaru, gidan kuwa abincin gobe yake nema. Ga shi hujjojinmu sun yi rauni: babu wanda ya ɗauki hoton injin, washegarin hatsari aka mayar da murfin, rasit ɗin asibiti duk suna hannun manaja, abokin aikin da ya kashe injin kuma ya tafi cin rani kudu.

Muka bi ta hannun limamin masallacin da Alhaji ke salla. Bayan sallar azumi aka zauna a gidan Alhaji: shi da manaja, liman, kawu, mai raunin, Barista da ni.

Manaja ya fara da cewa an riga an yi sulhu, kuma sulhu alheri ne kamar yadda Alƙur'ani ya faɗa. Ya ƙara da wata magana da ya ji a wajen karatu, cewa wanda rijiya ko ramin haƙar ma'adini ya rufta masa babu diyya a kan kowa.

Liman ya bar shi ya gama. Sannan ya ce hadisin gaskiya ne, yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, amma malamai sun ɗauke shi a kan inda babu wanda ya yi sakaci ko ƙetare iyaka. Ya tambayi manaja kai tsaye, "An hwaɗa maka bel ya lalace ko ba a hwaɗa ba?" Manaja ya yi shiru. Liman ya ci gaba da cewa shi ba alƙali ba ne, ba zai yanke wa Alhaji diyya ba, amma yana so kowa ya san darajar da shari'a ta ba hannu. A wasiƙar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu, ran mutum raƙumi 100 ne, hannu ɗaya raƙumi 50, kowane yatsa raƙumi 10. Ga masu biya da zinariya cikakkiyar diyya dinari 1,000 ce, hannu ɗaya 500, wanda in aka auna da nauyin da malamai ke lissafi da shi yau ya haura kilo biyu na zinariya. Duk yaron da ya karanta Risala a zaure ya bi ta kan wannan babi. Ya ce sulhu halal ne tsakanin Musulmi, sai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ɗauka. "Alhaji, ranar da kaɗ ɗauki takardar hukuma kana cin kwangila da ita, ka ɗauki sharaɗin da ke cikinta. Yaron ga kuwa ya yahe abin da bai san yana da shi ba."

Barista ta yi magana a taƙaice, cikin ladabi. "Ranka shi daɗe, ba mu zo karɓar dukiyarka ba. Biyan wata-wata na shekara ashirin da huɗu ba daga aljihunka doka tac ce shi hito ba, asusu anka kahwa don haka. Abin da muke so ka buɗe mai ƙohwa."

Alhaji ya daɗe bai ce kome ba. Da ya buɗe baki sai ya tambayi mai raunin, "Ɗana, da gaske ka yi maganar bel?" Ya ce, "Sau biyu, Alhaji." Alhaji ya ce shi ba a taɓa gaya masa ba. Ko gaskiya ne ko kare kai ne, Allah ya sani, ni dai na ga idonsa ya kaɗa.

Barista ce ta rubuta sabuwar yarjejeniya, da Hausa da Turanci, aka karanta wa mai raunin ta Hausar sau biyu, aka ba shi kwana uku ya je ya yi shawara da matarsa da mahaifiyarsa kafin ya dangwala. Dubu 700 na farko an ɗauke su a matsayin taimako, tsohuwar takarda an soke ta. Kamfani zai kai rahoton hatsarin, ya shigar da sunayen dukkan ma'aikatansa, ya ɗauki nauyin duk abin da hukuma ta ce ya biya na baya. Zai biya tiyata ta biyu, ya miƙa kwafin rasit da rahoton likita. Zai ba mai raunin aikin kula da sikeli da rubuta buhuna, da takardar ɗaukar aiki a rubuce da albashin wata. Babu layin da ya ce ya yafe wani abu, ko ya rufe masa hanyar kotu.

A nan muka yi saɓani da kawu, har yau ba mu gama ba. Shi a ganinsa tunda an ba yaro aiki magana ta ƙare, cike fom ɗin hukuma neman fitina ne. Ni kuwa aikin sikelin ne ya fi ba ni tsoro. Kamfanin shinkafa na tsayawa in shanshera ta yi tsada ko man janareta ya gagara, ana sayar da shi, mai shi na mutuwa magada su raba. Alkawarin Alhaji na tafiya ne da ran Alhaji da kasuwarsa, mai hannu ɗaya kuma in aka sallame shi ba kowa zai ɗauke shi ba. Shi ya sa na nace sai an shigar da neman diyyar, ko da za a daɗe ana jira. A wata na takwas bayan hatsarin muka kai takardun, ni da shi da Barista: fom, rahoton likita, takardar kamfani da ke tabbatar da abin da yake samu a wata. Barista ta ja masa kunne cewa rashin sunansa a jerin farko da jinkirin rahoto na iya jawo tambayoyi, kuma in hukuncin da ya fito bai gamsar da shi ba yana da kwana 180 ya nemi a sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata. Ta rubuta masa wannan a bayan takardar shaidar karɓa.

An yi tiyata ta biyu, zogin ya ragu, yana samun barci. Likita ya ce a jira dungulmin ya gama saɓewa kafin a auna hannun roba. Ma'aikatan kamfanin yanzu duk an rubuta sunayensu, an sayi sabon bel, murfin kuma an yi masa walda yadda ba ya ciruwa sai da makaniki.

Makon jiya na bi ta wajen da hantsi. Na same shi zaune kusa da sikeli, littafin buhuna a kan cinya, ya danne gefensa da dungulmin yana rubutu da hagu. Lambobin na fitowa a karkace, amma ana karanta su. Ya ce babbar ɗiyarsa ce ke koya masa da dare a kan allonta na makaranta. Ya zaro wata leda daga aljihun gaba, takardar shaidar karɓa ce a ninke, ya ce, "Malam, duba min, kwana nawa ke nan da munka kai?" Na ƙirga masa. Ya mayar da ita aljihu, ya ɗaga kai ya kira yaron da ke kan injin yanzu, ya ce ya naɗe hannun rigarsa.